Gardin Bariki a Cikin Mari

Duk wanda ya zauna da tsofaffin ƙasar nan, daga Gazawa zuwa Agye, har Gidan Rumji da Tsibirin Gobir, ya ji labarin gardi. Ba gardin makarantar allo ake nufi ba, mai tilawa da rubutun sha. Ana nufin gardin bariki, mai jar dara da ɗamara da dorina, wanda Faransawa ke kira garde de cercle, wato ɗan sandan kumandan. Idan ƙurar dokinsa ta taso daga nesa, sai mata su kora kaji cikin ɗaki, samari su faɗa cikin gero, mai gari kuwa ya shiga lissafin abin da zai yanka wa baƙon da bai gayyata ba. An ba da labarin zaluncin gardi ƙwarai, kuma ba a yi masa ƙarya ba. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne abin da kan same shi ran da kumandan ya juya masa baya, aka tuɓe masa dara da ɗamara, aka tura shi cikin ɗakin da jiya shi ke riƙe da mabuɗinsa. A kan wannan ne za mu ɗan tsaya a cikin wannan littafi na cikar sarauta shekara ɗari, domin kashin farko na shekarun nan an yi shi ne da gardi tsaye a ƙofar fada.

Sai mu fara da asalin mutumin. Cikin baƙar fata na farko-farko da mutanen wannan yanki suka gani cikin kayan sojan Faransa akwai na rundunar kaftin Voulet da kaftin Chanoine, wadda ta ratso ƙasar Hausa a shekara ta 1899, ta ƙone garuruwa, ta yi wa Birnin Konni kisan da har yau ba a manta da shi ba. A nan kusa da mu tafiyar shugabanninta ta ƙare. Ran 14 ga watan Yuli Voulet ya sa aka harbe kanar Klobb a kusa da Dankori, shi da gwamnatin Faransa ta aiko ya karɓe rundunar daga hannunsa. Kwana biyu bayan haka sojojin suka juya bindiga suka kashe Chanoine, washegari kuma suka kashe Voulet, a yankin Maijirgi ta ƙasar Tasawa. Galibin sojojin nan daga Sudan ta Faransa aka ɗebo su, ƙasar da ake kira Mali a yau. Faransawa sun riƙe darasi ɗaya daga abin da ya faru a Maijirgi: baƙin da ka ba bindiga yana da amfani, amma ba a saki jiki da shi.

Ƙasar Maraɗi da ta Gobir ba su shiga hannun Faransa nan da nan ba, sai da aka sake zana iyaka tsakaninta da Ingila a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, sa'an nan ayarin kaftin Tilho ya bi ya kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908. Tasawa ce ta fara zama mazaunin kumandan, kafin a mai da shi Maraɗi a shekara ta 1927, shekara guda bayan an ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram zuwa Yamai. Agye da Gazawa suna bin barikin Tasawa, Tsibiri da Gidan Rumji suna bin na Maraɗi. A duk faɗin wannan ƙasa Turawan mulki ƴan ƙalilan ne, ana iya ƙirga su da yatsu. Hannun da suke taɓa talaka da shi gardi ne.

Yawancin gardawan bariki tsofaffin soja ne da suka gama wa'adinsu. Na farko-farko Bambarawa ne da Mosawa da wasu mutanen yamma, daga baya aka riƙa ɗaukar ƴan ƙasa. Bariki ya fi son gardi ya yi aiki inda ba shi da uwa ba shi da uba, don kada kunyar dangi ta riƙe masa hannu. Aikinsa kuwa ba ya ƙirguwa. Shi ke raka masu karɓar lanho, shi ke tattara mutanen aikin dole na gyaran hanya da ginin bariki, shi ke kamo samarin da za a kai soja, shi ke kai sammaci, shi ke tsaron kason bariki dare da rana. A shekarun yunwa, irin ta Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, lanho bai faɗi ba, kuma fuskar da talaka ya gani tana neman kuɗin a bakin rumbun da ba kome ciki, fuskar gardi ce. Haka a shekarun 1940 zuwa 1942, lokacin da Nijar ke bin gwamnatin Vichy, aka tsananta tsaron iyaka da Nijeriya, aka matsa wa mutane da karɓar hatsi da dabbobi. Wanda aka kama a kan hanyar Jibiya da ƙunshin kaya, gardi ne ya kama shi.

Dokar da ta ba shi wannan ƙarfi ita ce wadda Faransawa ke kira indigénat, dokar talakawan mulkin mallaka, wadda aka shimfiɗa a Afirka ta Yamma tun 1887. A ƙarƙashinta kumandan na iya ɗaure mutum har kwana 15, ya ci shi tara har tamma 100, wato dala 20, ba alƙali, ba shaida, ba ɗaukaka ƙara. Jinkirin biyan lanho laifi ne, ƙin fita aikin dole laifi ne, abin da kumandan ya ga dama ya kira raini shi ma laifi ne. Kumandan kuwa sau da yawa ba ya jin Hausa, bai san garuruwan ba sai a kan takarda. Abin da gardi da tafinta suka gaya masa shi ne gaskiya. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma ko da yake karin maganar ya yi wa kumandan sassauci fiye da yadda ya cancanta, haka talakawa suka fassara abin. Ƙiyayyar da ta kamata a raba tsakanin gwamna da kumandan da dokar kanta, duk sai aka tara ta a kan mai jar dara, saboda shi ake gani, shi ya san sunan kowa, shi ya ci tuwon gidan kafin ya ɗaure mai gidan.

To, yaya irin wannan mutum ke faɗuwa? Hanyoyin ba su da wuyar ganewa. Albashinsa kaɗan ne, don haka yana ci daga jikin talakawa: rago nan, zakara can, ƴan kuɗi daga mai son a cire sunan ɗansa daga aikin dole. Bariki ya san da haka, yana kuma kau da kai muddin lanho na shiga. Amma ƙasarmu tana bakin iyaka. Idan matsi ya yi yawa, sai gari ya tashi cikin dare, da safe a tarar da kango, mutane sun tsallaka ƙasar Katsina. Gudun talakawa zuwa ƙasar Ingilishi abin kunya ne ga kumandan a gaban gwamna, kuma dole a sami wanda za a ɗora wa laifi. Wani lokaci mai gari ne ko sarkin kanto, wani lokaci gardi. Haka kuma idan ɗan kaso ya tsere daga wurin aiki, abin da ya yawaita ƙwarai tun da iyaka tafiyar yini ce ko biyu, gardin da ke tsaronsa shi zai amsa. Idan kuɗin lanho suka yi giɓi tsakanin ƙauye da bariki, shi ne. Idan mutum ya mutu a ƙarƙashin dorina har labari ya kai sama, shi ne, ko da umarni aka ba shi. Wani lokaci ma canjin kumandan kaɗai ya isa: sabon zuwa yana son ya nuna ya tarar da ɓarna, sai ya fara da amintattun wanda ya gada.

Ran shari'a kuma gardi yakan gane matsayinsa na gaskiya. Duk shekarun da ya yi yana sara wa tutar Faransa ba su mai da shi Bafaranshe ba. Talakan mallaka ne kamar wanda yake kamowa, kuma kotun ƴan ƙasa ce za ta yi masa hukunci, irin wadda dokar 1903 ta kafa. A babbar kotun gunduma kumandan ne ke zama shugaba, da mataimaka ƴan ƙasa a gefensa. Ke nan mutum ɗaya ne ubangidansa a wurin aiki, shi ya tuhume shi, shi zai yanke masa hukunci, shi ne kuma mai iko da kason da za a kai shi.

Wanda ke shakkar cewa Faransawa na iya juya wa nasu baya haka, ya dubi abin da ya faru a Damagaram a 1906. Aka ce an gano makircin kashe Turawan bariki. Aka tuɓe sarki Amadu Ɗan Basa, aka kai shi Kwaddibuwa, aka kama babban attajiri Malam Yaro, aka danƙa riƙon gari ga Ballama, sarautar ba ta dawo hannun gidan ba sai 1923. Cikin waɗanda aka kama har da tafintan bariki, Ali Diallo, mutumin da ta bakinsa Turawan ke ji, ta bakinsa suke magana. Idan tafinta mai shiga ofis bai tsira ba, ina ga gardi mai tsayuwa a rana?

Mu bi shi yanzu zuwa cikin kaso. Kason bariki na wancan zamani ginin ƙasa ne, ɗakuna kaɗan, taga ƙarama can sama, mutane cunkushe. Da magariba a kulle ƙofa daga waje, ba mai sake buɗewa sai safiya. Waɗanda ke ciki kuwa su wane ne? Masu bashin lanho, waɗanda suka gudu daga aikin dole, masu fasa-ƙwauri, ɓarayin shanu, da wanda ya yi kisa. Kaso na gunduma ɗaya ne, gardawan gunduma kuma ba su da yawa, saboda haka da wuya a rasa a cikin ɗakin nan mutumin da wannan gardi ya ɗaure da hannunsa, ko ya jawo shi da igiya a bayan doki, ko ya zane shi a gaban matansa. Sauran fursunoni suna shiga kaso su tarar da baƙi. Shi yana shiga ya tarar da masu binsa bashi. A cikin duhu ba shaida, da safe kuma in an ga mutum da kumburarren ido ko karyayyen haƙarƙari, kowa zai ce barci yake yi. Ba lalle ne a kai ga kisa ba. Ya isa a hana shi wurin kwanciya sai kusa da tukunyar bayan gida, a riga shi ga ruwa, a ƙi yi masa magana, a bar shi shi kaɗai ran da zazzaɓi ya kayar da shi. A wurin da atini da sanƙarau da ciwon haƙarƙari na lokacin ɗari ke ɗaukar mutane, wanda ba shi da mai ba shi ruwa a baki ya fi kowa kusa da kabari.

Ga kuma maganar abinci, wadda a ganina ta fi duka haɗari, ko da yake ba ta da amo. Abin da bariki ke bayarwa ɗan hatsi ne da ba ya riƙe mai aikin ƙarfi. Abin da ke raya ɗan kaso shi ne ƙwaryar fura da akushin tuwo da ake kawo masa daga gida. Mutumin Gangara ko na Cadakori, in an ɗaure shi, akwai wata gwaggo ko wani ɗan'uwa a gari da zai riƙa leƙo shi. Gardi fa? An kawo shi daga wata ƙasa da gangan. Gidan da yake zaune na bariki ne, ran da aka kore shi ran nan iyalinsa za su fita. Matar da ya aura a gari, wataƙila ba da son iyayenta aka ba shi ita ba, tsoro ne ya sa, yanzu kuwa tsoron ya kau. Nisan da aka sa tsakaninsa da danginsa don ya ji daɗin bugun mutane, shi ne ya dawo ya bar shi da yunwa.

Da rana kuma sai a fito da shi aiki. Fursunonin Nasara ba zaman ɗaki suke yi ba, su ne ke ɗebo ruwan bariki, su yi itace, su share kasuwa, su kwashe bayan gidan Turawa, su yi tubali, su gyara hanya. Duk wannan a bainar jama'a, wani lokaci da mari a ƙafa. Sai ka ga mutumin da in ya shigo kasuwa ake buɗa masa hanya, yau ga shi da tulu a ka, yara na binsa. A ƙasar da mutunci ya fi dukiya, wannan kaɗai hukunci ne na biyu. Mai riƙe da dorina a bayansa kuwa abokin aikinsa ne na jiya, wanda suka ci abinci a akushi ɗaya. Kada a ɗauka wannan sauƙi ne gare shi. Abokin yana tsoron a ce yana yi masa alfarma, ko a ce tare suka ci, don haka sau da yawa sai ya fi tsananta masa don ya wanke kansa a idon kumandan. In kuwa ya tausaya masa, ya ba shi aiki mai sauƙi, ko ya ɗora shi a kan sauran fursunoni tun da ya san fareti ya san ƴan kalmomin Faransanci, to ya ƙara masa wata wutar. Duk asirin da ya fasu a ɗaki, duk shirin gudu da aka gano, shi za a ce ya kai. Gaba kura, baya sayaki.

Wannan na kason gida ke nan. Mai dogon hukunci ana iya tura shi nesa, kuma Faransa ta tanadi wurare don haka. A Kidal, cikin hamadar arewacin Sudan, akwai kason masu manyan laifuka, inda rairayi da ƙishirwa suka isa katanga. A gaɓar Konakiri ta ƙasar Gini akwai na Fotoba, a kan tsibiri. A Senegal an kafa sansanonin fursunoni a 1936, masu tashi suna bin aikin hanya. Uwa-uba kuma Guyana ta Faransa, can Amurka ta Kudu, wadda ta karɓi fursunoni wajen 70,000 tsakanin 1852 da 1953, Faransawa da Larabawan Aljeriya da mutanen Indocin da baƙar fata na ƙasashen mallaka. Dokar 1854 ta ce wanda aka yanke wa ƙasa da shekara 8, in ya gama sai ya sake zama a ƙasar daidai adadin shekarun da ya yi, wanda aka yanke wa 8 ko fiye kuwa ba zai koma gida ba har abada.

A Guyana ne aka fi ganin yadda wannan tsari ke cin waɗanda suka yi masa aiki. Masu tsaro Turawa ba su isa ba, sai aka riƙa zaɓen wasu fursunoni ana ba su mabuɗai, yawancinsu mutanen Afirka ta Arewa, don bambancin harshe da addini ya raba su da sauran. Dabarar nan ɗaya ce da ta kawo Babambare ya yi gardi a ƙasar Gobir. Hatta hauni, mai sare kan waɗanda aka yanke wa kisa, daga cikin fursunoni ake ɗaukarsa, kuma sai an ware masa wurin kwana dabam saboda abin da ƴan'uwansa za su yi masa in sun same shi. Mafi shahara a cikinsu shi ne Isidore Hespel, wanda ake yi wa laƙabi da Dila. Ya yi shekaru yana sare kawuna, daga baya shi ma ya kashe mutum. Ɗan jarida Albert Londres, wanda ya ziyarci Guyana a 1923 ya tona abin da ake yi a can, ya same shi a kulle. Ƙarshensa aka sare nasa kan da irin injin da ya san kowace ƙusa tasa. Sai a 1938 aka daina tura mutane can, na ƙarshe suka baro a 1953.

Ingilishi ma suna da tasu Guyanar, tsibiran Andaman, inda suke zubar da fursunonin Indiya, kuma a can aka yi wani tsohon ɗan sanda da tarihi ya riƙe sunansa. Sher Ali Afridi Musulmi ne daga yankin Peshawar, ya yi wa Ingilishi aikin ɗan sandan doki, har ya yi hidima a gidan babban jami'insu na yankin. Ya kashe wani danginsa a kan gabar jini irin ta ƙabilarsu, aka yanke masa hukunci a 1867, aka tura shi Andaman ɗaurin rai da rai. A can ya zauna lafiya har aka ba shi aikin wanzanci. Amma bai taɓa yarda cewa an yi masa adalci ba, shi da ya ba su ƙuruciyarsa. Ran 8 ga Fabrairu 1872 Lord Mayo, wakilin Sarauniyar Ingila a Indiya baki ɗaya, ya zo duba tsibiran. Da magariba, yana komawa jirgi, Sher Ali ya fito daga duhu ya daɓa masa wuƙa, ya mutu. Aka rataye Sher Ali a watan Maris na shekarar. Na kawo labarinsa ne don ya nuna wani haɗari da ba daga fursunoni yake zuwa ba, ba kuma daga masu tsaro ba. Ɓarawo ya san abin da ya kai shi kaso, yana ƙirga kwanakinsa. Wanda ya bauta wa hukuma ta jefar da shi, baƙin ciki ke cinsa, kuma baƙin cikin na iya kai shi inda dorina ba ta kai shi ba.

Akwai haɗari na ƙarshe, wanda ya fi kowane duhu, shi ne na sanin abin da bai kamata a sani ba. Gardi ya ga kome. Ya san wanda ya mutu a wurin aikin hanya aka rubuta cewa ya gudu, ya san inda rarar lanho ta shiga, ya san matan da ake kai wa bariki da dare. Muddin yana cikin ɗamara, bakinsa a rufe yake. Ran da aka ɗaure shi ya zama mai abin faɗi, kuma mai duba aiki na iya zuwa daga Yamai ko Dakar. Shin kason Nasara wuri ne da za a iya rufe bakin mutum har abada? Tarihin ƙasarmu ya ba da amsa. Sarkin Agadas Tagama, wanda ya goyi bayan Kawusan a yaƙin 1916 zuwa 1917, an kama shi a 1919, aka tsare shi a Agadas yana jiran shari'a. A watan Afrilu na 1920 aka wayi gari ya mutu a ɗakinsa, aka ce shi ya kashe kansa. Bincike ya nuna daga baya cewa kaftin Vitali, mai riƙe da barikin, shi ya sa aka kashe shi. Wannan sarki ne, mai ƙasa da jama'a, wanda mutuwarsa ta sa aka yi tambaya. Tsohon gardi baƙo, wanda gari ke murna da faɗuwarsa, wa zai tambayi yadda ya kwana?

A nan ne bambancinsa da dogarin sarki ke fitowa, kuma ya kamata masu karatun wannan littafi su lura da shi. Dogari ma yana kamu, yana duka, kuma a zamanin Nasara shi ma an sa shi cikin karɓar lanho da tara mutanen aiki, kada mu ɓoye wannan. Sai dai dogari ɗan gari ne, sau da yawa ubansa ma dogari ne, an san gidansu, an san surukansa. Wannan yakan sa ya auna hannunsa, domin gobe zai haɗu da mutumin a wurin suna ko jana'iza. In kuma ya yi laifi sarki ya yi fushi da shi, akwai ƙofofin ceto. A Maraɗi ana iya kama ƙafa da Galadima ko Ƙaura ko Durbi ko Ƴandaka, a Tsibiri akwai Taran Gobir, akwai Inna, akwai liman da malamai. Fada tana hukunci, tana kuma da hanyar mai da mutum cikin jama'a bayan hukuncin. Bariki ba shi da wannan hanya. Kumandan yakan yi shekara biyu ko uku a sauya shi, wanda ya zo bai san alherin da ka yi wa na jiya ba. Ƙarfin gardi na aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Sarakunan kansu, in za a faɗi gaskiya, a tsakiyar wuta suke. Sarkin da lanhonsa bai cika ba ana iya tuɓe shi, wanda ya cika shi da ƙarfi kuma talakawansa su watse. Sau da yawa ƙarar gardi ta bakin sarki take isa bariki, tun da talaka ba ya tunkarar kumandan kai tsaye. Sarki mai dabara ya san lokacin da zai haɗiye, ya san kuma lokacin da zai sa a ji. Kuma idan tsohon gardi ya fito daga kaso, ba aiki, ba fansho, ba kuɗin komawa ƙasar da ya bari tun yana saurayi, zaɓinsa biyu ne: ya tsallaka iyaka ya ɓace a cikin Katsina ko Kano inda ba a san fuskarsa ba, ko ya zo ƙofar fada ya faɗi, ya nemi gona da wurin kafa bukka. Garuruwanmu sun haɗiye baƙi iri-iri, sun haɗiye gardawan bariki ma, waɗanda suka gama aiki lafiya da waɗanda suka gama a cikin mari. Jikokinsu suna cikinmu, Hausawa ne kamar kowa, an yi auratayya, wasunsu malamai ne, wasu ƴan kasuwa. Littafin biki ba wurin tonon asalin kowa ba ne.

Shekara ta 1946 ce ta karya ƙashin bayan wannan tsari. A farkonta aka gama soke dokar indigénat. Ran 11 ga Afrilu dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta haramta aikin dole, ran 30 ga watan aka karɓe shari'ar laifuka daga kotunan ƴan ƙasa, ran 7 ga Mayu kuma dokar Lamine Guèye ta ba mutanen ƙasashen mallaka matsayin ƴan ƙasa. Daga nan kumandan ba ya iya ɗaure mutum da baki kawai, dorinar gardi ta rage nauyi, shi kansa kuma in ya yi laifi alƙali ne zai saurare shi da dokar Faransa. Aikin bai mutu ba, suna ya sauya. Bayan samun mulkin kai a 1960 magadan gardawan bariki suka zama rundunar Garde républicaine, a 1997 aka mai da ita FNIS, a 2010 kuma ta koma Garde nationale, kuma a duk tsawon waɗannan sauye-sauye mabuɗan gidajen kaso na Maraɗi da Tasawa suna hannunsu.